YADDA AKE ƊAURA SABON WUYAN SALANSA A BABUR BA TARE DA YOYON HAYAƘI BA

Wannan darasi an shirya shi ne domin masu babur, musamman waɗanda babur ɗin shi ne gonarsu, shi ne kuma rumfarsu ta kasuwa, watau 'yan acaɓa, da malaman gona, da ma'aikatan lafiya masu zagaya ƙauyuka, da 'yan tireda masu bin kasuwannin mako. Yaran da ke koyon aiki a hannun kanikawa su ma za su ƙaru da shi. Aikin da za mu bayyana ƙarami ne a ido, bai wuce noti biyu da zobe ɗaya ba. Amma a kan notocin nan biyu mutane da yawa sun yi asarar kan inji sukutum, suka zauna kwana da kwanaki ba abin hawa, ba kuma kuɗin cefane.

Salansar da babur ya zo da ita daga masana'anta ba ta dawwama. Ta waje laka da ruwan damina suna cin ta, duwatsun hanya suna dukanta. Ta ciki kuwa akwai wani abin da ba kowa ya sani ba. Kowace litar fetur da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kimanin lita guda, wanda ke fita a tururi. In tafiya gajeriya ce, salansa ba ta yi zafin da za ta kore shi duka ba, sai ya kwanta a ciki ya zama tsatsa. To, ran da ta huje, da wuya mai babur ya sami irin ta asali, in ma ya samu, kuɗinta ya fi ƙarfinsa. Sai ya sayi ta kasuwa, wadda wani kamfani dabam ya ƙera, galibi a ƙasar Sin ko Indiya, ko kuwa wadda masu walda na gida suka haɗa. Wannan ba laifi ba ne, akwai masu kyau ƙwarai cikinsu. Abin da ya kamata ka riƙe kurum shi ne, wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin babur ɗinka ba. Awon da ya rage, kai za ka yi shi ranar ɗaurawa.

SASSAN DA ZA MU AMBATA

Kafin mu taɓa sifana, bari mu daidaita sunaye, don kada mu ruɗa juna. Abin da jama'a ke kira salansa kashi biyu ne. Akwai bututun nan lanƙwasasshe da ya fito daga kan inji ya gangara ƙasa ya nufi baya, shi za mu riƙa kira wuya. Akwai kuma mai kauri na baya wanda ke rage ƙara, shi za mu kira ganga. A wasu babura an haɗa su da walda sun zama abu guda, a wasu kuwa wuya na shiga cikin ganga ne a matse su da maɗauri.

A jikin kan inji akwai kafar da hayaƙi ke fitowa. A gefenta dama da hagu an dasa ƙusoshi biyu masu zare, watau tsagin nan mai zagayawa wanda noti ke bi. A cikin kafar, can gindi, akwai ɗan mataki inda zobe ke zama. Kanikawa suna ce wa zoben nan gaskit. Bakin wuya yana shiga kafar ya dafa zoben. Sa'an nan akwai wani ƙarfe mai huda biyu da aka zura a wuyan, wanda ke shiga ƙusoshin nan ya tura bakin wuya ciki in an ɗaure notoci. Shi za mu kira mariƙi. A wasu injuna, tsakanin mariƙi da bakin wuya akwai ƙananan ƙarafa biyu kamar ɓarin goro, su ne ke isar da turin. Haka tsarin yake a Honda CG125, wanda kamfanin Honda na Japan ya fito da shi a 1975 musamman domin ƙasashen da ake wahalar da babur ba a kuwa cika kai shi gyara kan kari ba. Injunan Sin da yawa da ke yawo a garuruwanmu daga gare shi aka kwaikwayo su. Bajaj Boxer na Indiya da sauran ƙananan babura sun ɗan bambanta a siffa, amma ka'idar ɗaya ce.

MENE NE KE TOSHE HAYAƘI?

Nan ne gindin darasin, saboda haka a karanta a hankali.

Hayaƙin da ke fitowa daga kafar nan, in inji na aiki sosai, zafinsa yakan kai digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin da ruwa ke tafasa a digiri 100. Kan inji kuwa da alminiyam aka zuba shi, alminiyam kuma yana narkewa a digiri 660. Abin da ke hana shi narkewa shi ne iskar da ke bugun fukafukan nan nasa tana kwashe zafin. Hayaƙin kuma ba ya fita a jere kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita. Inji mai bugu huɗu in yana juyi 6,000 a minti, yana tura hayaƙi sau 3,000 ke nan, watau sau 50 cikin daƙiƙa guda. Bayan wannan, alminiyam in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa. Ashe kullum ka ta da babur, kan inji da ƙusoshi da wuya suna motsi kowa da nasa gwargwado, in ka kashe kuma su koma.

Ba ƙarfe biyu masu tauri da za su haɗa baki su toshe iska a irin wannan hali. Don haka aka sa zobe mai taushi tsakaninsu. Yawancin zobban nan da jan ƙarfe aka naɗe su, cikinsu da wani abu mai laushi wanda wuta ba ta ci, wasu kuma na garafait ne, watau irin baƙin abin da ke cikin fensir, an haɗa shi da saƙar waya. In aka matse shi sai ya lotsa ya cika kowane ɗan rami da ke tsakanin bakin wuya da matakin kafa. Lotsewar nan ita ce toshiya. Kuma sau ɗaya tak yake yin ta. Zoben da ya riga ya lotsa ya sha wuta ya taurare, ba ya sake lotsawa, ko da an juya shi, ko da an ɗaure shi da ƙarfin mutum uku.

To, daga nan za ka gane aikin notocin nan biyu. Ba su ne ke toshe hayaƙi ba. Aikinsu su tura bakin wuya a miƙe, daidai wa daida ta kowane gefe, har zobe ya lotsa bai ɗaya. In aka ɗaure ɗaya tam kafin a taɓa ɗayan, wuya ya karkace ke nan, zobe ya murƙushe ta gefe guda, ɗaya gefen ya bar kafa. Duk ƙarfin da aka ƙara bayan wannan, ƙusa ce ke shan sa.

In kuwa aka bar yoyo, ga abin da ke biyowa. Bayan kowane bugu na hayaƙi bututu yakan ɗan zuƙo iska, saboda haka kafar da ke fid da hayaƙi ita ce kuma ke shigo da iskar waje. Iskar nan ta gamu da ragowar fetur mai zafi cikin bututu, sai ka ji babur na harbi, tas-tas, duk sa'ad da ka saki totur. Hayaƙi mai zafi da ke kurɗawa ta gefen zobe kuma a hankali yana zaizaye matakin alminiyam ɗin, yana gasa ƙusoshi har su yi tsatsa su rube. In matakin ya zaizaye, ko sabon zobe ba ya zama daidai, sai an kai kan inji wurin masu gyaransa.

Ni mai rubuta wannan darasi abin ya taɓa ci na, shi ya sa nake nanatawa. Wata shekara ana gobe zan fita rangadi na sayi sabon wuya, na ce ai wannan ba sai na biya bakanike ba. Na ɗaura da yamma, na tayar, na ji wani ɗan sauti, tsit-tsit-tsit, a bakin inji. Na ƙara ɗaurewa, bai daina ba. Washegari a kan hanya abin ya dame ni, na tsaya gindin wata bishiya, na zura guntun bututu a sifana don in sami ƙarfi, na danna. Sai na ji ƙas! Noti ya faɗo da rabin ƙusa a cikinsa. Haka na lallaɓa da ƙara kamar injin niƙa har gari na gaba, inda aka nuna mini rumfar wani dattijon bakanike. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Malam, wa ya ɗaura maka wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Bai ce kome ba, ya lanƙwasa 'yar waya ya zura cikin kafar, ya jawo zobena sabo. Ya sake zurawa ya ƙwaƙulo, sai ga wani zoben, baƙi ƙirin, ya lotse kamar kwabo. Ya ɗora mini su biyu a tafin hannu, ya ce, "Ka ga tsohon yana ciki, ka ɗora masa sabo. Ko da giwa ce ta ɗaure maka, sai ya yi yoyo. Garaje ba ƙarfi ba ne, ɗana." Yini guda muka yi kafin a fid da guntun ƙusar, taron da zan yi wa jawabi kuwa ya watse ban iso ba.

SAYEN KAYA

In za ka kasuwa, tafi da tsohon wuyan a hannunka, ko kuwa ka tura babur ɗin can. Jera tsoho da sabo a ƙasa ka dubi lanƙwasarsu, da tsawonsu, da inda kunnuwan da ake ɗaurewa a firam suke. Gwada faɗin bakin, gama wanda ya fi kafa faɗi ba ya shiga, wanda kuma ya yi ƙanƙanta ba ya dafa zobe sosai. Shafa bakin da yatsa. In ka ji tudun walda ko kaifi, sai an goge. Dubi kaurin mariƙi kuma, domin nan ne masu ƙera na araha suka fi rage ƙarfe, mariƙi siriri kuwa lanƙwashewa yake yi tun zobe bai lotsa ba. In na tsohon wuyan ya fi kauri kuma yana fita, ka yi amfani da shi.

Kada ka bar rumfar sai da sabon zobe, gara ma ka sayi biyu. Shi ne mafi araha cikin kayan duka, shi ne kuma aka fi mantawa. Sayi sababbin notoci da washa.

Kada kauri ko ƙyalli ya ruɗe ka, ka ce bututu mai faɗi shi ne mai ƙarfi. Faɗin wuya da tsawonsa an lissafa su ne bisa girman inji. Wannan ya fi tsanani ga inji mai bugu biyu, mai ƙona baƙin mai tare da fetur, irin Suzuki AX100 da 'yan'uwansa na Jincheng. A irinsu siffar salansa kanta wani sashe ne na inji, gama bugun hayaƙi yana komowa ta cikinta ya mai da fetur ɗin da ya so tserewa. Wani injiniya na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, shi ya ƙware a wannan dabara cikin shekarun 1950, har baburansa suka riƙa ba manyan kamfanoni kunya a fagen tsere. Wanda ya sa wa irin wannan inji bututun da ba nasa ba, ƙara zai samu, ƙarfi kuwa ya ragu.

KWANCE TSOHON

A yi aikin nan inji na da sanyi sarai, an fi so da safe bayan ya kwana. Tun daren jiya ka goge ƙusoshin da burushin waya, ka ɗiga musu man kwance tsatsa, in babu, kananzir gauraye da ɗan baƙin mai. Kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya a wuri mai tauri, ka rufe makunnin fetur.

Yi amfani da sifana mai zobe ko soket wadda ta kama noti ta kowane gefe. Sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kusurwoyin noti mai tsatsa. In ya ƙi motsi, kada ka yi kokawa da shi. Ɗan matsa shi gaba kamar za ka ɗaure, sa'an nan baya, ka ƙara mai, ka dakata, ka sake. In ya fara tafiya ya cije, mai da shi baya ka goge zaren. Wani lokaci ƙusar takan fito gaba ɗaya tare da notin. Wannan ba hasara ba ce, sai a sa sabuwa. Yadda ake dasa ta kuwa, a ɗaura noti biyu a kanta a matse su da juna, sa'an nan a juya na sama, ƙusa ta shiga, a kwance su. In ta karye ta bar guntu a waje, mai walda yana iya liƙa noti a kan guntun, zafin waldar ma yakan taimaka ya sake ta. Amma a cire tanki tukuna a kai shi nesa. In ta karye a ciki, wannan aikin gwani ne. Kada ka yarda wani ya sa na'urar huji yana lalube, domin alminiyam ya fi ƙusa taushi, bakin na'urar zai zame ya ci kan inji ya bar ƙusar.

Da wuya ya fita, taka kik a hankali har ka ji ya yi tauri. A nan bawul ɗin hayaƙi a rufe yake, datti ba ya faɗawa cikin inji. Sa'an nan haska kafar da tocila ka nemi tsohon zobe. Lalle yana nan, ko da idonka ya ce babu, gama baƙin hayaƙi yakan rufe shi ya zama kamar jikin inji. Ƙwaƙulo shi da lanƙwasasshiyar waya ko ƙaramar sukudireba, amma kada ka karce matakin da yake zaune a kai. Kankare baƙin da ya daskare har ka ga farin ƙarfe kewaye. Kada ka hura ƙurar da baki, goge ta da tsumma mai ɗan danshi, domin wasu zobban, musamman na dā, akwai asbestos cikinsu, ƙurarsa kuwa tana lalata huhu.

ƊAURA SABON

Fara da gwaji ba zobe. Zura bakin wuya cikin kafa, riƙe shi da hannu, ka duba ko kunnuwan baya sun yi daidai da hudojin firam. Dubi kuma ko bututu na taɓa birkin ƙafa, ko kik, ko matakin ƙafa, ko wata waya. Taka birki har ƙasa, taka kik har ƙarshe, ka sa wani ya zauna a baya babur ya nutse, ka ga ko akwai inda ke gogawa. In bakin wuya ba shi da lebur, shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko wani abu mai lebur sosai, ka goga bakin a kai kana juya shi, har ya yi haske bai ɗaya.

In hudar kunne ta kauce wa ta firam da ɗan kaɗan, a faɗaɗa ta da magagari, ko a cika tazarar da washa. Abin da ba a yi shi ne a danne bututu da ƙafa ko a ja shi da ƙarfi har ƙusa ta shiga. Bututun da aka ɗaure a kan tilas kullum yana ja yana son komawa yadda yake, jan nan kuwa a bakin inji yake ƙarewa. Ko ya ɗaga gefe guda na zobe, ko ya tsage a wurin walda bayan 'yan watanni. Robobin da ke cikin kunnuwan asali kuma a mai da su, su ne ke shanye girgiza.

In gwaji ya yi kyau, fid da wuya. Shafa ɗan giris kaɗan a bayan sabon zobe don ya manne a mazauninsa kada ya faɗo, giris ɗin zai ƙone da kansa. Shafa wa ƙusoshi giris mai jan ƙarfe in kana da shi, wanda ke hana noti kamawa, za ka gode wa kanka ran da za ka sake kwancewa. Amma roban nan na matsawa da ake sayarwa a kwali, wanda wasu ke lafta wa zobe, ba wurinsa ba ne nan. Ko jan, wanda aka yi domin zafi, ba ya jure abin da ya wuce digiri 350, mun kuwa faɗi zafin da ke wurin. Ƙonewa zai yi ya bar kafa. Inda wuya ke shiga ganga, can baya inda zafi ya ragu, ana iya shafa man liƙin salansa na musamman in haɗin ya yi sako-sako.

Yanzu zura wuya, ka sa ɓarin goron nan in injinka na da su, ka lura ka mai da su yadda ka same su, ka turo mariƙi, ka sa washa da notoci. Ɗaure su da yatsu kurum, har su dafa. Koma baya ka rataya ganga, ka sa ƙusoshinta duka da maɗauri, su ma sako-sako, yadda salansa duka za ta iya ɗan motsi in ka girgiza ta. Girgiza ta ɗin, kana tura bakin wuya ciki da hannu, har ka ji ya zauna a tsakiyar zobe. Ka'ida ke nan: kome a rataye tukuna, sa'an nan a fara ɗaurewa daga bakin inji a nufi baya. Wanda ya fara ɗaure ganga ya riga ya yanke wa wuya hukuncin inda zai tsaya, ko ya dace da zobe ko bai dace ba.

Ɗauki sifana. Juya notin dama rabin juyi, ka koma na hagu rabin juyi. Dama, hagu. In sun fara tauri rage zuwa rubu'in juyi. Kana yi kana duban tazarar da ke tsakanin mariƙi da kan inji, lalle ta zama ɗaya dama da hagu. Kana iya gwada ta da tsinken ashana ko kaurin bakin sukudireba. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton sai mariƙi ya manne da kan inji aiki ya cika. Ko kusa! A yawancin babura an ƙera shi ne ya bar tazara. In ma ka ga ya manne, to, ko ya lanƙwashe, ko zoben ya yi siriri, ko kuwa an manta da ɓarin goro, turi kuma ba ya isa inda ake bukata.

Ina za a tsaya? Littafin babur ɗinka shi ne alƙali, in kana da shi. In babu, ga abin da aka saba. Ƙusa mai kaurin milimita 6, wadda notinta ke cin sifana lamba 10, ana ɗaure ta kimanin Nm 10 a sifana mai ma'auni. Mai milimita 8, wadda ke cin lamba 12 ko 13, kimanin Nm 20. In ka shafa giris a zare, ɗan rage kaɗan, gama noti mai santsi yana matsewa fiye da yadda hannu ke ji. Ga wanda ba shi da sifana mai ma'auni, Nm 10 daidai yake da nauyin kilo 7 a rataye a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 15. Ka ga ashe aikin yatsu ne da wuyan hannu, ba na kafaɗa ba. Ni kuwa ran nan da na zura bututu mai rabin mita na danna da jikina, in nauyin da na sa kilo 20 ne kurum, na ba ƙusar nan ninki goma na abin da aka yi ta domin ta ɗauka.

In bakin inji ya gama, ɗaure maɗaurin tsakiya, sa'an nan kunnuwan baya.

Manyan babura da wasu sababbi ba su da kafireta, na'ura ce ke fesa musu fetur. A Indiya, tun da dokar hayaƙi da ake kira BS6 ta fara aiki cikin Afrilu 2020, yawancin baburan da ake sayarwa can haka suke. Irin waɗannan suna da wata 'yar na'ura mai waya da aka dasa a jikin wuya, tana shinshina hayaƙi tana gaya wa kwamfutar babur ko fetur ya isa. In naka irinsu ne, ka tabbata sabon wuya yana da hudarta, ka cire wayar daga soket kafin ka juya na'urar don kada ta murɗe, kada kuma giris ya taɓa bakinta. Yoyo a irin wannan babur ya fi tsada, domin iskar da ta kurɗo tana ruɗin na'urar ta ce fetur ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta ƙarawa.

GWAJI

Kafin ka tayar, goge wuyan duka da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit. Shatin yatsa da maiƙon da aka bari a kan sabon ƙarfe, zafi na farko yana gasa su su zauna har abada.

Fid da babur waje, filin Allah. Kada ka taɓa ta da inji cikin zaure ko shago a rufe, ko da na minti kaɗan ne, ko da sanyin hunturu ya dame ka. Cikin hayaƙi akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuwa yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Mutum sai ya ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

Tayar, ka bar shi yana aiki ba tare da ka murɗa totur ba. Kana da kamar rabin minti kafin wuya ya yi zafin da ba a kusantarsa. Kai bayan hannunka kusa da mariƙi, kada ka taɓa, ka zagaya. In akwai yoyo za ka ji iska na bugunka. Gashin kaza ko siririyar takarda sun fi hannu gani, za ka ga suna rawa. Ruwan sabulu ma in an yayyafa tun wurin na da sanyi yana yin kumfa a inda ke yoyo. In kana shakka, sa wani ya dafe bakin ganga da tsumma mai kauri na daƙiƙa biyu ko uku, hayaƙi ya rasa hanya, in akwai kafa za ka ji tana huci. Wani hayaƙi fari mai wari da zai tashi daga jikin bututu a mintocin farko kada ya tsorata ka, giris ne da man masana'anta ke ƙonewa.

In ka sami yoyo, kashe, bari ya huce, ka dubi tazarar nan ta dama da hagu. In ɗaya ta fi faɗi, ƙara wa notin wannan gefe kaɗan. In sun yi daidai kuma ɗauri ya kai, amma yoyo bai daina ba, kada ka ƙara ko rubu'in juyi. Kwance, ka dubi zoben, zai gaya maka gaskiya: inda bai lotsa ba, nan ne bakin wuya bai dafa ba. Gyara dalilin, ka sa zobe na biyu da ka saya.

In kuwa ba yoyo, hau ka yi tafiyar minti goma sha biyar, ka komo ka bar shi ya huce sarai. Sa'an nan sake gwada notocin. Za ka tarar sun ɗan saki, domin zobe ya sha zafi ya ƙara kwantawa. Mai da su yadda suke, dama, hagu. Kada a yi wannan inji na da zafi, gama a lokacin zaren alminiyam ya fi rauni. Bayan tafiyar kamar kilomita 100 a sake dubawa, a kuma duba ko akwai baƙin zane kamar na gawayi a gefen mariƙi, shi ne sawun yoyo.

A wannan dubawa ta biyu ka kwance filogi ka dubi bakinsa. Salansar kasuwa sau da yawa ta fi ta asali sakin hayaƙi, wannan kuwa yakan sa fetur ya yi wa iska kaɗan a cikin inji. In bakin filogi ruwan ƙasa ne kamar soyayyiyar gyaɗa, lafiya lau. In fari ne fat, inji kuma yana zafi fiye da dā, yana harbi ko da ba yoyo, kai shi wurin bakanike ya daidaita kafireta, wataƙila ya sake mata jet mai ɗan faɗi. In aka bar shi haka, bawul da fistin ne za su biya. Launin zinariya ko shuɗi-shuɗi a lanƙwasar farko ta wuya ba abin damuwa ba ne shi kaɗai, musamman a bututu mai bango ɗaya, amma in shuɗin ya yi ta gangarowa baya cikin 'yan kwanaki, a duba filogi.

Wasu samari sukan fid da abin rage ƙara daga cikin ganga don a ji zuwansu. Hukumar NESREA tana da dokar hana yawan ƙara tun 2009. Ban da doka ma, masana lafiya sun nuna ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum yana jin ta awa takwas kullum, tana rage ji a hankali, jin da ya tafi kuwa ba ya komowa. Ɗan acaɓa shi ya fi kowa kusa da salansarsa, shi ya fi kowa daɗewa tare da ita.

Saura faifan nan na kariya da ke rufe gefen salansa. Na kasuwa da yawa ba sa zuwa da shi, waɗanda suka zo da shi kuma akan jefar don ƙyuyar ɗaure ƙusa biyu. A wurinmu inda ake ɗaukar mata da zane da dogon hijabi, da yara waɗanda ƙafarsu ba ta kai mataki ba, ba a fita da fasinja sai da shi. In sabuwar salansa ba ta da wurin ɗaura shi, cire na tsohuwar, ka kai wa mai walda ya liƙa noti biyu a jikin ganga, a bar tazarar kaurin yatsa tsakanin faifan da ganga don iska ta riƙa ratsawa.